Dokin da Ya Tsufa a Hannuna

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina kiwon dawakin mutane a filin sukuwa na Kano. Ban taɓa mallakar ko ɗaya ba. Amma duk wanda ya damƙa min doki, na mayar masa da shi ya fi yadda ya kawo shi. Wannan kowa ya sani a barga. Sunana Datti.

Jikata Hureira ce ta kai ni Kuala Lumpur. Karatun digiri na uku take yi a can. Yanar ido ce ta rufe min ido biyu, ta ce in zo a yi aiki. Aka yi na dama. Kafin a yi na hagu korona ta shigo, aka rufe gari, aka rufe filin jirgi. Mijinta ya je gida ganin mahaifiyarsa, kulle ya riske shi a Kano. Ni kuma ya riske ni a hawa na goma sha bakwai na wani bene a unguwar Bukit Jalil. Ba ƙasa, ba turke, ko akuya babu.

Daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa baranda, haka nake wuni.

"Angona, ka zauna mana," in ji Hureira. "Za ka cinye min tayil da yawo."

"Yi karatunki, amarya. Ƙafata ce."

Barandarmu da ta maƙwabci gajeren bango ne ya raba su. Wata safiya na leƙa, sai na ga doki a kan tebur. Tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Baƙi ne wuluk, da fari a goshi, ƙafar hagu ta baya fara. Ƙirjinsa, gezarsa, jijiyar da ke bin cinyarsa, duk suna nan. Tun da aka cire min bandeji ban ga abin da ya cancanci sabon ido ba sai ranar.

Wani tsoho ne ɗan asalin ƙasar Sin zaune a gabansa cikin singileti, yana kaɗe masa ƙura da ɗan burushi. Na kaɗa harshe yadda ake kiran doki. Ya ɗago kai. Ya mayar min da irin sautin, bai kuskure ba.

Hureira ta ce sunansa Mista Yap. Bakina bai iya ba, na bar shi a Yaf. Shekara talatin da biyar ya yi yana sa wa dawakin sukuwa takalmin ƙarfe. Shi kaɗai yake zaune. Dawakin nan kuma, ta ce, ba ƙaga su aka yi ba. Kowanne siffar wani doki ne na gaske da ya yi suna a duniya. Kamfani ke ƙera su, launinsa da tabonsa duk yadda suke, har da takarda mai sunansa. Mutane suna tarawa. Yaf yana da sittin da wani abu.

"Kayan wasan yara," na ce.

Washegari na riga shi fitowa baranda.

Haka muka fara. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Sai ya ɗaga doki, ni kuma in faɗi launinsa. Baƙin nan akawal. Mai ruwan madara gunya. Mai baƙi da fari danda. Ya maimaita, "A-ka-wa," yana dariya. Shi kuma ya juya kofato ya nuna min inda ake kafa ƙusa. Rannan ya ɗaga wani ja mai kyan gani. Na duba ƙafafunsa na gaba, na girgiza kai, na nuna da hannu kamar ana karya kara. Yaf ya buga tebur, ya ƙwala wa Hureira kira.

"Ya ce wa ya gaya maka? Wai dokin nan yana shekara biyar ƙafar gaba ta kashe masa gudu."

"Ƙafar ce ta gaya min."

Daga ranar ya fara sara min da hannu idan na fito.

Akwai guda ɗaya da bai taɓa fitarwa daga kwalinsa ba. Ta gaban kwalin roba ce mai haske kamar gilashi, ta nan ake ganinsa. Bidi ne, wato mai ruwan toka da dabbare-dabbaren baƙi, wuya a miƙe, yana cikin gudu. Dokin ƙasar Ostireliya ne, sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakina. Hureira ta ce kaɗan aka ƙera, shekara ashirin da takwas da suka wuce, kuma liƙin kamfani na nan a bakin kwalin ba a taɓa ɓalle shi ba. Na yi wa Yaf alama ya buɗe in gani. Ya rungume kwalin a ƙirji.

"Tak boleh," in ji shi.

"Ya ce ba zai yiwu ba," in ji Hureira.

"Na ji. Ba sai kin fassara wannan ba."

Azumi na da kwana goma Yaf ya fara tari. Kwana biyu bai fito baranda ba. Rana ta uku da hantsi wayar Hureira ta yi ƙara. Ta yi magana a tsaye, ta ajiye, ta sa takunkumi ta buɗe ƙofa. Kwalin bidi na ajiye a bakin ƙofarmu. Ba a jima ba mutanen asibiti suka zo cikin fararen kaya har kai, suka tafi da shi. Ta ramin ƙofa na ga bayansa. Da ƙafarsa ya shiga lif.

"Me ya ce?"

"An gwada shi, yana da korona. Ya ce a ba ka wannan. Ya ce jaga."

"Mene ne jaga?"

"Ka kula da shi."

"Shi ke nan?"

"Ya ce in bai dawo ba, ɗansa da ke Singafo zai zo ya kwashe sauran, kuma yaron bai san doki da jaki ba. Wannan dai a hannun mai doki yake so ya zauna."

Ta goge kwalin da sanitaiza, ruwan nan na kashe cuta da muke shafawa a hannu, ta ɗora min shi a kan durowa.

Kwana uku ina kallonsa. Sai na lura an ɗaure shi da waya, ƙafa huɗu, a jikin kwali. Shekara ashirin da takwas. Ba iska, ba hannun da ya taɓa shafa wuyansa. Na san roba ne, ba mahaukaci ba ne ni. Na kuma san mai shi ya ce tak boleh, ban manta ba. Amma na ce a raina, shi kofato ya sani, kiwo nawa ne. An ce in kula. Doki ba ya kwana a ɗaure haka a hannuna.

Na sa reza na yanke liƙin. Na kwance wayoyin.

Jikinsa ya dushe. Na yago tsumma daga tsohuwar rigata. Hureira ta kafa doka duk abin da ya fito daga waje sai an goge shi da sanitaiza, balle na gidan mai cuta. Na ɗiga a tsumma, na fara daga fuska, na gangara wuya, na bi kafaɗa, yadda gashi yake kwance. Ina yi ina fito a hankali, irin wanda ake wa doki don ya natsu. Da na gama na duba tsumman. Ya yi toka-toka.

Na ji daɗi. A barga, idan tsumma ya fito da dauɗa, an yi aiki.

Kullum bayan sallar asuba sai na yi masa. Ɗakin ba haske sosai, idon hagu kuma har yanzu hazo ne. Na ga yana ƙara haske, na ce sheƙi ne. Kwana tara na yi a haka. Hannuna ya samu abin yi, har Hureira ta ce na daina yawo.

Rana ta goma ta shigo kwasar wanki. Ta tsaya cak.

"Innalillahi. Kaka, me ka yi?"

In ta ce Kaka, ba wasa. Ta ɗauki dokin da kwalin, ta ja ni baranda cikin rana. Ta nuna min hoton da ke bayan kwalin, ta nuna min dokin. Na rufe idon hagu na duba da na dama. Fuska ta yi fari fat. Wuya fari, kafaɗa fari, rabin baya ya koɗe. Cinyoyi da ƙafafu ne kawai suka rage da dabbarensu.

"Ba dauɗa kake cirewa ba, fenti ne. Ruwan nan cin fenti yake yi."

"Ke kika ce in kula da shi."

"Na ce. Ban ce ka yi masa wanka ba. Jaga gadi ne, Kaka. Mai gadin da ke ƙofar ƙasa, abin da yake yi ke nan. Yana tsaye yana dubanmu. Ka taɓa ganin ya wanke wani?"

Na so in ce fassararta ce ta jawo. Maganar ta zo har baki. Amma ba ita ta riƙe rezar ba.

"Laifin ba naki ba ne," na ce. Na shiga ɗaki.

Ta yi kwana biyu tana bincike a waya. Kamfanin ya daina yin irinsa tuntuni. Waɗanda suke da shi ba sa rabuwa da shi. Ko da an samu, ba na Yaf ba ne.

Labarin asibiti kuma ba daɗi. An sa masa bututun iska. Wata ma'aikaciyar jinya ce take turo wa Hureira saƙo idan ya roƙe ta. Ran ashirin da takwas ga azumi saƙo ya zo, layi ɗaya. Yana tambaya yaya dokinsa.

"Me zan ce masa?"

Mutum yana neman numfashi, ba a kai masa irin wannan labarin. Ƙarya kuma ba zan aika ba.

"Ki ce yana hannuna."

Ta dube ni, ta rubuta.

Na san wata hanya. Duk wanda ya yi yawon kasuwar dawaki ya san ta. Dillali yakan samu tsohon doki da furfura ta fito masa a fuska, ya shafe ta da baƙi, ya sayar da shi a matsayin ɗan shekara shida. Ran nan bayan azahar, Hureira na gaban kwamfuta tana magana da malaminta, na shiga ɗakinta na ɗauko kwallinta. Na dangwala da ɗan yatsa, na ɗiga a kafaɗar dokin, na murza da auduga. Launin ya zauna kamar don shi aka yi kwalli. Na san inda dabbaren bidi yake taruwa da inda yake watsewa, na fi mai fentin sani. Kafin la'asar na gama. Na mayar da shi kwali, na ɗaure wayoyin, na haɗa bakin liƙin da gam.

Na ja baya na duba. Ta cikin robar nan ba mai ganewa. Yaf kuma ba buɗewa yake yi ba. Har ya mutu ba zai sani ba.

Na je alwala. Na miƙa hannu ƙarƙashin famfo, sai na ga yatsuna baƙi ƙirin.

Wata shekara wani Alhaji ya aike ni sayen goɗiya. Na shafa fuskarta, baƙi ya biyo tafina. Na ɗaga tafin sama a tsakiyar kasuwa kowa ya gani, na kira dillalin da sunan da ya dace da shi. Shekaru ana ba da labarin a barga, ni ma ina bayarwa.

Na rufe famfon. Sannan na koma ɗaki, na sake yanke liƙin, na goge kwallin tas da ruwa da sabulu.

Hureira ta tarar da kwallinta a kan durowata ya kusa ƙarewa, ga tsumma baƙi a gefe, ga doki fari. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Angona, kwalliya ka fara? Wa kake nema a garin nan ban sani ba?"

"Ɗauki abinki ki fita."

Ta ɗauka. A bakin ƙofa ta juyo. "Da ni ce, da na bar shi a kai," in ji ta a hankali.

"Na sani. Shi ya sa ba ke aka ba ba."

Aka yi sallah a cikin falo, ni liman, ita mamu. Bayan sallah da kwana goma sha biyu aka sallamo Yaf. Ya rame, wando yana yawo a jikinsa, yana dogara sanda. Na bari ya huta kwana biyu. Rana ta uku na sa babbar rigata da hula da takunkumi, na ce wa Hureira ta buga masa ƙofa.

Na ajiye dokin a ƙasa a tsakanin ƙofofinmu. Na ajiye kwalin a gefensa, da wayoyin, da tsumman farko. Na koma bakin ƙofarmu na tsaya.

Ya buɗe. Idonsa ya yi dariya da ya gan ni, ya ɗaga hannu zai sara. Sai ya dubi ƙasa.

"Gaya masa," na ce. "Ni na buɗe. Na san ya hana. Ni na goge shi kwana tara har ya koma haka. Ba wanda ya sa ni."

Ta fara magana da Turanci. Ta yi tsawo. Na ji ta ce sanitaiza sau biyu, na ji ta ce jaga.

"Ke. Ban ce ki ɗora wa kwalba laifi ba. Abin da na faɗa za ki faɗa."

Ta sake faɗa a gajarce.

Yaf ya sunkuya da ƙyar. Kwalin ya fara ɗauka. Ya bi bakin liƙin da babban yatsa, inda reza ta bi. Sannan ya ɗauki dokin, bai ko dube shi sosai ba. Ya shiga, ya rufe ƙofa. Ba da ƙarfi ba. Da ya buga ta da ya fi min sauƙi.

Washegari na fita baranda a lokacin da muka saba. Teburinsa ba kowa. Na zauna har rana ta yi zafi. Haka jibi, haka gata. Hureira ta yi odar shinkafa da kaza ta ajiye masa a ƙofa, ya ɗauka, ya turo mata godiya a waya. Ni bai ambace ni ba.

"Ka daina zaman nan, Kaka. Rana za ta taɓa maka ido."

"Nan nake zama."

Rana ta biyar na ji ƙarar jan kujera. Ya fito da dokin a hannu ɗaya, da wata takarda a ɗayan. Bai sara min ba. Ya zauna, ya ajiye dokin a tebur, ya daɗe yana numfashi. Sannan ya miƙo min takardar ta kan bango.

Hoto ne, ya tsufa. Yaf ne a ciki, gashinsa da sauran baƙi, yana tsaye a wani fili mai ciyawa. Hannunsa a wuyan wani doki fari fat. Bayan dokin ya lotsa, leɓensa na ƙasa ya saki. Tsoho ne tukuf. Na duba kunnuwan, na duba faɗin goshi da yadda wuyan ya fita daga kafaɗa. Na dubi na kan tebur.

Na sani, amma ban taɓa kawo shi a raina ba. Bidi ba ya mutuwa bidi. In ya yi tsawon rai fari yake komawa, ya zama kili. Kuma daga fuska yake farawa, ya gangara wuya, ya bi kafaɗa.

Na kira Hureira. Yaf ya yi magana a hankali, yana tsayawa yana hutawa.

"Ya ce shi ne dokin na gaske. Sau ɗaya ya gan shi da ido. Ya yi tafiya takanas har gonar da aka ajiye shi bayan ya daina gudu, lokacin dokin yana da shekara ashirin da huɗu. Ya ce da ya dawo gida ya dubi na kwali, sai ya ga kamar ba shi ba ne. Wanda ya shafa da hannunsa fari ne."

Yaf ya ƙara magana, ya nuna gashin kansa, ya nuna gemuna.

"Ya ce kwana huɗu yana fushi. Jiya ya ɗauko hoton don ya ƙara jin haushinka, sai ya ajiye su gefe da gefe. Wai shekara ashirin da takwas ya hana dokin nan tsufa, kai ka tsufar da shi a kwana tara."

"Ki ce masa ban yi da niyya ba. Kada ya ba ni abin da ban yi ba."

Ta faɗa. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce wani abu da ya ƙare da lah, kalmar nan da suke rufe magana da ita.

"Ya ce ya sani. Kuma kwalin bai yafe ba."

"Yana da gaskiya."

Ya tashi ya shiga ciki. Ya dawo da kwalbar sanitaiza da farin ƙyalle. Ya ɗora su a kan bango, ya ɗora dokin a gefensu, ya turo su ɓangarena da bakin sandarsa. Ya nuna cinyoyin da suka rage da dabbare.

"Ya ce rabin aiki ka yi. Ka ƙarasa."

Ban taɓa shi nan da nan ba. Na ɗaga hoton kusa da idon dama, na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya.

"Gaya masa gwiwoyi zan bari, da bakin wutsiya. Su ne ƙarshen yin fari."

Kafin ta buɗe baki Yaf ya riga ya sa yatsa a gwiwar dokin yana gyaɗa kai.

"To ni me nake yi a nan?" in ji Hureira. "Ku ƙarata, tsofaffi. Angona, ranar Talata ne fa aikin idon hagu, asibiti sun kira. Kada ka ce ban gaya maka ba."

Ta shige. Na ɗiga ruwan a ƙyalle, kaɗan, na kama dokin ta ƙirji. Na fara daga gadon baya na gangara cinya, yadda gashi yake kwance. Na fara fito. Ta bayan bango Yaf ya karɓa, numfashinsa yana yankewa, yana sake kamawa.